Pragya goma, mai gida ɗaya: za mu iya zama masu gidan kanmu?

Ɗan Pragya Sawaba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, don Allah kada a mai da ita wasa. Mu masu tuƙa pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, tsakanin Aboabo da Sawaba a Kumasi, yawancinmu keken ba namu ba ne. Ko dai kana kai wa mai shi kuɗin yini, ko kana biya mako-mako har ya zama naka. Kafin ka gama biyan ka zuba kusan ninkin kuɗinsa, kuma ranar da aka miƙa maka takardu injin ya riga ya gaji. Mai, faci, gyara, tikitin tasha, duk a wuyanka. Shi ne muke shawara da abokaina, me zai hana mu haɗa kuɗi mu riƙa sayen kekunan da sunan ƙungiya, mu ne ma'aikata, mu ne masu kaya? An taɓa yin irin wannan ya ɗore, ko mafarki muke yi da rana tsaka?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka ga mai keke a matsayin azzalumi, tambayi kanka wa ke asara ranar da keken ya kife ko aka sace shi. Kai za ka karkaɗe rigarka ka nemi wani. Shi kuɗinsa ne ya nutse. Ribar da kake hange ladar kasada ce.

Ɗan Pragya Sawaba: Baba, ban ce azzalumi ba ne. Amma in keken ya kife, ƙafata ce ke karyewa. Ita ma kasada ce, sai dai ba ta shiga lissafi.

Baban Hafsa: To ai kuna da yuniyan a tasha. Mene ne bambancin?

Ƙanwar Maza KNUST: Yaya, bambancin babba ne. Yuniyan irin GPRTU, ƙungiyar direbobin motocin haya ta Ghana, aikinta tsara tasha, wa zai yi lodi bayan wa, karɓar kuɗin tikiti, shiga tsakani in an sami matsala da hukuma. Motar kuwa tana nan ta mai ita. Susu kuma, wato adashi, taimakon juna ne wajen tara kuɗi, kowa ya kwashi nasa ya yi gabansa. Abin da Yaya Ɗan Pragya yake nufi shi ne ƙungiyar gama kai ta ma'aikata: kayan aikin na ƙungiya ne, wanda ke aikin shi ke da ƙuri'a, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ko nawa ya zuba. A tsarin jari-hujja kuɗi ne ke ɗaukar mutum aiki. A nan mutane ne ke ɗaukar kuɗi aiki. Kuma an yi, ba mafarki ba ne. Mafi shahara ita ce Mondragon a yankin Basque na Sifen. Wani limamin coci mai suna Arizmendiarrieta ya buɗe makarantar koyon sana'a, ɗalibansa biyar suka kafa masana'antar risho a 1956. A 1959 suka kafa bankinsu, don sun gane bankunan gari ba za su ba su rance yadda suke so ba. Yau mutum wajen dubu 70 ke aiki a ƙarƙashinta, kuma akwai ƙa'idar da ta hana albashin shugaba ya yi wa na ƙaramin ma'aikaci nisa fiye da kima.

Baban Hafsa: Sifen daban, Aboabo daban.

Borga na Bilbao: Salam jama'a. Tunda an ambaci unguwarmu bari in sa baki. Abin da ƙanwata ta faɗa gaskiya ne, amma rabi ne. Babban kantin Eroski da muke cefane a nan na Mondragon ne, sai dai ba duk wanda ka gani sanye da rigar aiki ba ne mamba. Da yawa 'yan albashi ne kamar na kowane kamfani. Shiga mamba kuma ba kyauta ba ne, sai ka zuba jarin dubban Yuro, ana cirewa a albashinka a hankali. Sannan ku tambayi labarin Fagor, mai yin firiji da injin wanki, wadda ita ce uwar tafiyar gaba ɗaya. A 2013 ta karye. Mambobinta na nan gida an rarraba mafi yawansu zuwa sauran ƙungiyoyin, wasu aka yi musu ritaya da wuri, wannan abin a yaba ne, kamfanin ɗan kasuwa ba zai yi maka haka ba. Amma masu yi mata aiki a Faransa da Poland da Maroko ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a, ba wanda ya yi musu irin wannan gatan. Wato a gida 'yan'uwa, a waje kuma masu gida. Ina faɗa ne don kada a ɗauka aljanna ce.

Alhaji Mai Goro: Madalla da ɗan Turai. Kun ji ko. Ko su sai da suka shiga kasuwa suka yi gogayya da kowa, kuma kasuwa ta kayar da su.

Ƙanwar Maza KNUST: Baba, kamfanoni nawa na masu jari suka karye a Sifen a waɗannan shekarun? Ba wanda ya ce jari-hujja ta ƙare saboda su. Tambayar ita ce, in an faɗi, a kan wa ake faɗuwa.

Baba Tsohon Akawu: Yara, kuna ta zuwa Turai alhali tarihin yana gidanku. Gama kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1928 Turawan mulki suka fara shi a tsakanin manoman koko, aka yi masa doka a 1931. Kafin samun 'yanci ƙungiyoyin manoma suna sayen koko da kansu, suna da rumbuna, har da banki. Me ya kashe su? Ba 'yan kasuwa ba ne, gwamnati ce. A 1961 gwamnatin Nkrumah ta rushe su, ta miƙa dukiyarsu da ikon sayen koko ga majalisar manoma da ke ƙarƙashin jam'iyyar CPP. Daga nan akawun da ke auna kokonka ba kai ka zaɓe shi ba, ba kuma ka da ikon tsige shi. Na yi aikin awon koko shekaru bayan haka, kuma manoma ba su manta ba. Mutum zai kawo buhu, idonsa ba ya kan fuskarka, yana kan allurar sikeli. Wasu har dutsen da suka san nauyinsa suke tahowa da shi daga gida su ɗora kafin su yarda a auna. Bayan juyin mulkin 1966 an dawo da ƙungiyoyin, aka yi sabuwar doka a 1968, amma amanar da ta zube ba ta kwasu ba. Ni ba na zagin Nkrumah, ya yi wa ƙasar nan abin da ba wanda ya yi. A wannan dai ya yi ɓarna. Duk ƙungiyar da gwamnati ta kafa muku, ranar da ta ga dama za ta karɓe abinta.

Baban Hafsa: Baba ka taɓo Nkrumah, yau ba barci a gidan nan.

Admin: Ba siyasar jam'iyya don Allah. A tsaya kan magana.

Baba Tsohon Akawu: Sauran magana ɗaya. Kuapa Kokoo, ƙungiyar gama kai ta manoman koko, a nan Kumasi aka kafa ta a 1993, lokacin da aka buɗe sayen koko na cikin gida ga kamfanoni masu lasisi. Abin da ya jawo mata manoma tun farko shi ne sikeli: mai awo ɗan ƙauyen ne, su suka zaɓe shi, kowa na iya duba ma'aunin. A 1998 har suka zama masu hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila. Amma ku lura, farashin buhu ba su ke yanke shi ba, gwamnati ce ta hannun hukumar koko ta COCOBOD, ita kuma tana kallon kasuwar London da New York. Sun gyara sikeli, ba su gyara farashin duniya ba.

Mma Mai Wake da Shinkafa: Ni ban yi boko ba, jikata ke rubuta mini. Duk wannan tarihin na ji. Amma abin da ke kashe tarayya a Zango abu ɗaya ne, kunya. Mun yi susu mu mata a layinmu, muka ce maimakon kowa ta kwasa, mu sayi babban firiza mu riƙa yin ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo. Wata uku na farko lafiya lau. Sai mai riƙe kuɗi aka yi mata rasuwa, ta taɓa. Ta ce za ta mayar. Wa zai buɗe baki ya tambayi mai zaman makoki? Bayan ita wata ta ce ɗanta na asibiti. Ba littafi, ba sa hannu, komai a ka. Ranar da kuɗin wuta ya zo, gwangwanin da muke ajiya ba komai ciki sai 'yan pesewa da wata takardar asibiti. Ba ɓarauniya ko ɗaya a cikinmu, wallahi, dukkanmu masu sallah ne. Firizar tana nan a zauren wata, tana zuba garin masara a ciki. In za ku yi, ku nemo wanda ba ya jin kunyar uwarsa a kan lissafi.

Ɗan Pragya Sawaba: Mma, wannan ita ce fargabata. Mu duk abokai ne tun makarantar allo.

Alhaji Mai Goro: Shi ya sa ake cewa jirgi ɗaya matuƙi ɗaya. Kayan kowa ba na kowa ba ne. Ku dubi rafin Aboabo. Na kowa ne, shi ya sa ya zama juji. Da na mutum ɗaya ne da ya kewaye shi.

Ƙanwar Maza KNUST: Baba, wannan hujjar taka wani Ba'amurke mai suna Garrett Hardin ya rubuta ta a 1968, ta yi tashe sosai. Ya ce makiyayar da kowa ke da ikon shiga dole ta ƙare, don kowa zai ƙara saniya ɗaya, riba tasa, ɓarna ta kowa. Mafita a ganin masu bin sa, ko a sayar wa mutum ɗaya ko gwamnati ta karɓe. Sai Elinor Ostrom ta ce a je a duba abin da mutane ke yi a zahiri. A ƙauyen Törbel na Suwizalan makiyayar kan dutse ta gari ce tun ɗaruruwan shekaru, kuma tun 1517 suke da doka cewa ba ka kai shanu can fiye da waɗanda za ka iya ciyarwa a gidanka lokacin sanyi. A Alanya ta Turkiyya masunta kan yi ƙuri'a a watan Satumba a raba wuraren kamun kifi, sannan kullum kowa ya matsa zuwa wuri na gaba, don kada wuri mai albarka ya zama na mutum ɗaya. In wani ya tsaya inda ba nasa ba, wanda ke da wurin ranar shi zai fara kama shi, ba sai an ɗauki ɗan sanda ba. Abin da ta gano shi ne, dukiyar tarayya tana ɗorewa in an san su wa ke ciki su wa ke waje, masu amfani da ita su suka tsara dokar, akwai mai sa ido, kuma horo yana hawa daki-daki, na farko ɗan kaɗan, na biyu ya fi zafi. Wannan aikin ya sa ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Rafin Aboabo ba na tarayya ba ne, Baba, marar mai shi ne. Ba wanda zai iya ce wa mai zuba shara tsaya, kuma in ya faɗa ba abin da zai biyo baya. Firizar Mma ma haka, akwai amana, ba horo.

Baban Hafsa: Ai ba sai an je Turkiyya ba. Masuntan bakin teku a Ankara da Elmina nan Ghana ba sa fita ran Talata, tun kakanni. A tafkin Bosomtwe ma a kan gungumen katako ake su, al'ada ba ta yarda da jirgi ba.

Baba Tsohon Akawu: Haka ne. Amma dubi yadda galamsey, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta yi da kogin Offin da Pra. Dokar gargajiya tana aiki a kan ɗan gari da ke jin kunyar sarki. Ranar da mai injin haƙa ya zo daga waje da jakar kuɗi, kuma wanda ya kamata ya tsare ƙasar shi ya fara karɓa, shi ke nan. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Ghana a hannun sarakuna da dangi take, riƙon amana ne a takarda. Ku je bayan gari ku ga yadda ake yanka ta fuloti-fuloti, wani filin a sayar wa mutum biyu.

Malam na Asawase: Assalamu alaikum. Na ga ana ta ambaton Turawa, bari a ji na gida. Ya zo a hadisi cewa Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Rijiyar Ruma a Madina ana sayar da ruwanta ne, Sayyidina Usman ya saye ta ya bar wa jama'a. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya, ya umarci mai tsaronta ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan awaki kaɗan su shiga, ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan, don su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki, talaka kuwa ba shi da komai. Wannan yana cikin Muwaɗɗa. Ku lura, akwai mai tsaro, akwai wanda ake hanawa. Game da tambayar ɗana mai pragya, Risala ta halatta tarayyar jiki, wato masu sana'a iri ɗaya ko makusanciya su yi aiki wuri ɗaya su raba abin da aka samu. Tarayyar dukiya ma halal ce, riba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Amma kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya ce Musulunci gurguzu ne. Ibn Auf attajiri ne, kuma yana cikin goma da aka yi wa bushara. Shari'a ba ta hana mallaka ba, ta hana cin kuɗin ruwa da ɓoye kaya da tauye awo. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Mma, da kun bi ta da firizarku tana aiki.

Mma Mai Wake da Shinkafa: Malam ka faɗi gaskiya, Allah ya gafarta malam.

Ƙanwar Maza KNUST: Allah gafarta Malam, ina da tambaya. In riba gwargwadon jari ce, mai kuɗi da yawa zai rinjayi sauran kenan? Don nan ne Rochdale ta yi tuntuɓe. Su ne mutum 28 da suka buɗe ɗan kanti a Ingila a 1844, ba bashi, ba algus, ƙuri'a ɗaya kowa, kuma daga gare su dokokin gama kai na duniya suka samo asali. Daga baya suka kafa masaƙa inda ma'aikata ke da kaso a riba. Da suka buƙaci kuɗi sai suka sayar da hannun jari ga mutanen waje, a 1862 waɗannan suka kaɗa ƙuri'a suka soke kason ma'aikata. Ta koma kamfani kamar kowane.

Malam na Asawase: Ku zuba daidai wa daida, sai matsalar ta kau. Mai tuƙi kuma a yanka masa ladar aikinsa daban kafin a zo rabon riba. In za ku karɓi kuɗin wani daga waje, a zauna da malami a rubuta shi a matsayin ƙiradi, kasonsa sananne, ba ruwansa da tafiyar da aiki.

Alhaji Mai Goro: To ina kuɗin zai fito? Mutum goma da ke neman na koko da safe. Banki ba zai saurare ku ba, in ya saurara ruwan da zai ɗora ya fi na mai keken da kuke gudu. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya fara tara kuɗin keke a farkon shekarar, kafin ƙarshenta keken ya tsere masa.

Borga na Bilbao: Baba yana da gaskiya a nan, shi ya sa na can suka fara da banki da wuri. Amma asusun ajiya da lamuni na mambobi ai a Ghana aka fara shi a Afirka, a Jirapa, 1955. Ba sabon abu ba ne.

Maman Sadik: Kada wanda ya sake ce mini in kai kuɗi wani ofis. Nawa ya tafi a wani kamfanin ajiya lokacin da Babban Banki ya soke lasisin irinsu 347 a 2019. Na sha layi har na gaji.

Ƙanwar Maza KNUST: Sannu Anti. Amma waɗancan na masu jari ne, ke mai ajiya ce kawai, ba ki da ikon ganin littafi. Kuma Baba, ba sai sun sayi goma rana ɗaya ba. Su sayi ɗaya. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya tuƙa, ya riƙa kai kuɗin yinin da da ma yake kai wa mai gida, amma asusun ƙungiya. Wannan kuɗin da zubin sauran shi zai sayi na biyu, biyun su sayi na uku da sauri fiye da haka. Rajista kuma ana yi a Sashen Ƙungiyoyin Gama Kai, mutum goma ake buƙata aƙalla.

Baban Hafsa: Na ji. Amma maganar da aka fara ita ce ko wannan zai maye gurbin jari-hujja. Ni ban gani ba. Keken daga Indiya ake kawo shi, mai farashinsa na bin dala. Kun kori ƙaramin mai gida na Aboabo, manyan suna nan.

Ɗan Pragya Sawaba: Yaya, ni ƙaramin ne ke kirana ƙarfe tara na dare in kuɗi bai cika ba. Na Indiya bai san da ni ba.

Masta na Magazin: Na yi shiru ina karatu. Mu a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, mun daɗe muna wani abu mai kama da wannan ba tare da suna ba. Mota ɗaya za ta shigo, mai injin ya yi nasa, mai walda ya yi nasa, mai waya da mai fenti su yi nasu, ana aron kayan aiki, in babban aiki ya zo a kira juna. Amma kowa da aljihunsa, shi ya sa ba a faɗa. Tambayata ga masu ƙuri'a ɗaya: yaran da ke koyon aiki a hannuna fa? Yaron da jiya ya fara riƙe sifana, shi ma ƙuri'arsa ɗaya da tawa? Ku ma masu pragya, in keke ya kai goma za ku fara ba wasu yara su tuƙa muku da dare. Su mambobi ne ko yaranku?

Ɗan Pragya Sawaba: Masta, gaskiya ba mu kai nan a tunani ba.

Borga na Bilbao: Wannan ita ce tambayar Fagor da na kawo ɗazu. A nan sabon shiga yana yin lokacin gwaji tukuna, in ya wuce sai a ba shi damar zuba jarinsa ya zama mamba. Ku rubuta tun yanzu: duk wanda ya tuƙa keken ƙungiya na tsawon lokaci kaza yana da haƙƙin shiga. In kun bari sai kuɗi ya fara shigowa, ku goman nan da kanku za ku ƙi.

Masta na Magazin: A pragya wataƙila, tuƙi ne, wata biyu an iya. A gareji ba zan yarda ba. Sai yaro ya gama, an yi masa addu'ar sallama, sannan mu zauna a tebur ɗaya.

Ƙanwar Maza KNUST: To shekarun da yake yi maka aiki da kuɗin abinci kawai fa, Masta?

Masta na Magazin: Ni ma haka na yi wa nawa mastan. Ke da ake biya miki kuɗin makaranta, shi kuwa ana koya masa ana ba shi na abinci, wa aka fi tausaya wa?

Mma Mai Wake da Shinkafa: Ku bar Masta da yaransa, wannan rigimar wata rana ce. Kai mai pragya, in kun tashi, kuɗi kada ya kwana a hannun kowa. Lambar MoMo, ta tura kuɗi a waya, ta ƙungiya daban, a kwashe zuwa asusu mai sa hannun mutum uku, kuma kada biyu su fito gida ɗaya. Kowace Juma'a a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, ko sidi biyar ne. A ware na rasuwa da asibiti daban tun farko, don wallahi za su zo. Littafin kuma ku ba 'yar makarantar nan ta riƙa duba muku, na ga ba ta jin kunyar kowa.